Famfon da Baba Yohanna Ya Cire Mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba Yohanna, bakaniken da ya riƙe motata ta haya tun tana sabuwa a hannuna. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Gombe da Dukku. Ban yi makaranta da ƙuruciya ba, sai yanzu da furfura nake zuwa ajin manya a Nasarawo. Da hannuna ya fara zama a kan takarda, sai na ga babu abin da ya kamata in fara rubutawa kamar laifin da na yi wa mutumin nan.

Garejinsa yana bakin tasharmu. Yana da ɗabi'a guda da ba ya saɓawa: duk ranar da zai canza taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita bugun injin mota, sai ya canza famfon ruwa tare da shi, ko da famfon bai nuna komai ba. Yakan ce bel ɗin ne ke juya famfon, tare suke tsufa, kuma tunda an riga an buɗe gaban inji, gara a gama lokaci guda. Wanda ya jira sai ruwa ya fara ɗiga ko boris ya fara kuka, in ji shi, a kan titi zai sani, ba a gareji ba.

Ranar da ya yi wa motata wannan aikin, ya miƙo mini tsohon famfon a leda, kamar yadda kanikawan kirki ke yi don mai mota ya tabbata an canza. Na juya shi, na ga babu tsatsa, babu tsagewa. Na ce, "Baba, wannan ai lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "Malam Buba, kama nan ka girgiza. Ka ji yana wasa?"

Ban ji ba. Ko kuma ban so in ji ba.

Na ɗauki famfon na kai rumfar direbobi na ajiye a kan benci. Duk wanda ya zo sai in ce ya duba abin da tsohon nan ya cire mini. Aka yi ta dariya, har wani ya raɗa masa suna Mai Yanka Lafiyayye. Sunan ya bi shi.

Don in ƙara nuna gaskiyata, na ba abokina Sale famfon, motarmu iri ɗaya ce, aka ɗaura masa. Bai cika wata ba, da tsakar rana, da fasinja cike har da mace mai goyo, famfon ya saki ruwa a dajin hanyar Dukku. Kafin Sale ya lura da allurar zafi, inji ya ƙone. Ni na je na jawo shi. A hanya na roƙe shi ya ce wa mutane tiyon lagireto ne ya fashe. Ya ce to.

A nan laifina yake. Kuskuren farko jahilci ne, kowa yana yi. Na biyu kuwa ina sane.

Motoci suka ragu a garejin Baba Yohanna, har ya kwashe kayan aikinsa ya koma gindin wata bishiya kusa da gidansa a Herwagana. Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya sau ɗaya, da maganar a bakina. Ya riga ni, ya ce, "Ya famfonka?" Na ce lafiya lau. Ya ce madalla, ka riƙa duba ruwa da safe. Na sha ruwan da matarsa ta kawo mini, na tashi na tafi.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga tashar yau. Motocin sun canza, har akwai masu kunna fitila su gaya maka ciwonsu, amma halinmu yana nan: ba ma taɓa abu sai ya mutu a hannunmu. Samarin direbobi da suka fara wayewa suna canza famfo tare da bel, suna cewa a waya suka gani. Ba su san an taɓa korar mutum daga bakin tashar nan saboda wannan maganar ba.

Bai bar gida mai bene ba. Ya bar ɗansa Bitrus, wanda ya gaji aikin a gindin bishiyar nan, da irin hannun uban da irin taurin kansa. Kwanan baya na ji wani dattijon direba yana hana ƙaninsa zuwa wurinsa, wai gidansu gidan cuta ne. Ƙaryata ce take cin yaron nan, shi da bai san ma yadda aka yi ba.

Na san yawancin direbobin tasharmu ba sa karanta jarida. Don haka ranar da wannan rubutun nawa ya fito a jarida zan saya, in tsaya a rumfa da safe lokacin da aka fi cika, in karanta musu da bakina. Sale ya ce zai tsaya kusa da ni. Karatuna har yanzu da tuntuɓe, kuma za a yi dariya. A yi. Ba zan zauna ba sai na kai ƙarshe.