Darasin da Malam Ya Ƙi Yankewa

Jiya na ga zanen birus, wato wata 'yar ƙwayar cuta, a littafin jikata, sai na tuna marigayi malaminmu na kimiyya a Damagaram, shekarar da hatsi ya ƙone a gona. Kullum hannunsa fari fat da alli.

Rannan yana bayyana mana yadda birus mai shiga ƙwayar bakteriya ke dakatar da hayayyafarsa idan ya tarar da ita cikin yunwa. Cikinmu na ta ƙugi. Sai direktan lakwal, shugaban makarantarmu, ya leƙo.

"Malam, sallame su. Ba su karya ba."

"Ranka ya daɗe, fari ya cinye gonakin iyayensu. Ba zan ƙara masa da karatunsu ba."

Ko ɗayanmu bai tashi ba.

Allah ya sanyaya makwancinsa.