Takardar da Na Buga wa Kaina

Shekara shida ina aikin buga takardu a wata makarantar sakandare a Potiskum. Wasiƙun shugaban makaranta, sunayen ɗalibai, tambayoyin jarrabawa, duk ta ƙarƙashin yatsuna suke bi. Wata damina tambayoyin lissafi suka fita kafin ranar jarrabawa, kuma ni na buga su. Aka kafa kwamitin bincike, aka dakatar da ni, aka ce in zauna a gida sai an neme ni.

Kwanakin nan ba na iya tuna su a jere. Ina tuna hadari yana tasowa ta wajen Fika da la'asar, ya zo ya tsaya a kan unguwar Dogo Nini kamar mai shawara. Ina tuna ina tsintar shinkafa, sai in ga yatsuna suna ƙwanƙwasa bakin faifai suna neman haruffa. Ranar kasuwa manyan motoci su wuce da shanu, kukansu yana iso ni sama-sama, kamar ina cikin barci. Sau biyu na shirya tsaf da safe, na yafa gyale, sai da na kai zaure na tuna ba ni da wurin zuwa.

Sau ɗaya kwamitin ya kira ni. Malamai uku a bayan tebur, fanka tana juyawa a hankali. Suka yi ta tambaya suna rubutu, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni, alhali biyu daga cikinsu ni na buga musu katin aure.

Da aka shiga wata na uku na gaya wa innata zan ajiye aikin.

Ta ce, "In kin ajiye yanzu, za a ce gudu kika yi."

Na ce, "Inna, ko sun wanke ni, da wane ido zan sake zama a ofishin nan?"

Ta daɗe tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, sannan ta ce, "To ki rubuta da ladabi."

Ba ni da keken rubutu a gida, don haka na je wurin wani tsoho mai buga wa mutane takardu a gindin bishiyar maina kusa da tasha. Na roƙi aron kekensa. Layi huɗu kawai na buga. Ya tsaya yana kallon hannuna, ya ce, "'Yata, wannan hannun bai kamata ya zauna ba."

Shugaban makaranta ya karanta takardar sau biyu.

"Malama, bincike bai ƙare ba. Kin san maganar za ta zauna a fayil ɗinki a buɗe?"

"Na sani, Yallaɓai."

Ya sa hannu. Na fito na tarar an ɗauke ruwa, filin makaranta ya yi kore shar, sai na ji jikina sakayau kamar wadda zazzaɓi ya saki.

Har yau ban ji abin da kwamitin ya gano ba. Bayan girbi tsohon nan ya matsa mini gefen bencinsa. Wanda na fara yi wa aiki wani Bafulatani ne da saniyarsa ta ɓata, yana son a rubuta kamanninta. Ya daɗe yana kwatanta mini ƙahonta.