Na Sallami Baƙon Goggo

Yau na gama biyan rancen da na karɓa ta hannun ƙungiyarmu ta masu ƙuli-ƙuli a Kagarawal. Ina dawowa ƙamshin gyaɗa ya tare ni, sai na tuna da Goggo, shugabarmu da ta rasu bara.

Ita ba ta ce masa rance, baƙo take ce masa. Ranar da na so in yanki anko da kuɗin, ta damƙe hannuna, tafinta duk mai.

"Ke 'yar nan, aiki ya zo taya ki. Kika yi masa shimfiɗa, ba zai tafi ba."

Na ji haushi, amma na haƙura na sayi injin markaɗe.

Goggo, baƙo ya tafi lafiya, injin kuma nawa ne. Allah Ya haskaka kabarinki.