Ranar da Aka Raba Ni da Bencin Baya

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da yawancin abin da malamai sunka wahala suna cusa mini kafin in gudu daga makaranta. Amma Lahadin da anka raba ni da bencin baya, wannan kam sai dai in mutu da ita.

Cocinmu a Anka ƙarama ce, galibinmu mutanen wajen Zuru ne da aiki ko gyaran mashin ya kawo. A wurinmu in mutum ya yi babban laifi, dattawa kan sa shi horo: ba cin jibin Ubangiji, ba waƙa a gaba, sai zaman bencin baya har a ga tubansa. Kowa na gudun bencin nan. Ni kuwa nan ce fadata. Ba wanda ya sa ni horo, ni na kai kaina, don yana bakin ƙofa, ga iska, kuma fasto ba ya hango mai gyangyaɗi.

Ana nan sai anka kawo mini maƙwabci, mai kaɗa mana ganga, dattawa sun sa shi horo. Ya je biki ya sha burkutu ya yi tatul, ya goyo ɗan wata tsohuwa a mashin, sunka faɗa kwalbati. Saurayin ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi. Tsohuwar nan kowa Inna yake ce mata, ita ce babba a zumuntar mata, bakinta kuma ya fi nawa kaifi.

Ni dai na samu abin wasa. Duk Lahadi sai in yi masa barka da zuwa unguwarmu, in ce ni haya nake, shi ko fili ya saya. Har wa'azi na yi masa, wai gafarar Allah kamar gidan mai take, wanda ya makara sai ya tarar an rufe. Ku ji fa, mutumin da bai taɓa jin wa'azi har ƙarshe ba. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ni ina ganin gwanintata ce ke ba shi dariya.

Ran nan ya shigo da ƙullin kaya ya tura ƙarƙashin benci. Ya raɗa mini cewa in an tashi in kai shi Duza a mashin, zai shiga haƙar zinari, shi da coci har abada. Ya ce Inna ko kallonsa ba ta yi, kuma ya auna maganata ya ga gaskiya ce, an rufe gidan mai. Na laluba bakina ko akwai sauran wasa, babu.

Ana cikin waƙa, waƙar ma lami tunda ba ganga, sai Inna ta miƙe daga sahun gaba ta nufo mu. Ashe matar mai ganga ta tsegunta mata shirinsa. Ni na ɗauka mari ta kawo, har na gyara silifas don kada a haɗa da ni.

"Matsa, sarkin barci," ta ce da ni.

Ta zauna tsakaninmu, ta sa ƙafa ta taka ƙullin kayan, ta kama hannunsa.

"Ɗana ƙafa guda ya rasa, kai kuma kana so in rasa ka gaba ɗaya? Na yi fushi, na gama. Yesu bai mutu don 'yan bencin gaba kaɗai ba. In nan ne wurin masu zunubi, to ni ma na zo gida."

Mai ganga ya fashe da kuka. Sai ga ɗan Inna ya ɗingiso da sandarsa ya zauna. Mata sunka biyo, dattijo guda ya biyo, ana ta matsa-matsa har na ji ni a ƙasa tim. Na tashi ina kakkaɓe wando, na duba ko'ina, ba wuri sai bencin gaba da sunka bari. Haka na je na zauna dab da fasto, ido a buɗe tar. Fasto ya dube ni ya ce wa jama'a yau ɓatattu biyu Allah ya maido. Har mai kuka sai da ya yi dariya.

Ban kai kowa Duza ba. Da dattawa sunka ɗage horon, ni na ɗauko masa gangar, na kuma roƙe shi gafara a hanya. Ya ce in bari, gidan man bai rufe ba.

Abin da na koya shi ne, na daɗe a bencin masu zunubi ina ganin ni baƙo ne mai shan iska, ashe ni ma ɗan gida ne. Kuma jinƙan Allah ba ya zama a gaba yana jiran ka iso, shi ke tasowa ya same ka a baya. In ya zo, ka matsa, ko ka sha ƙasa kamar ni.