Amfilin Bépanda

A shekarata ta biyu a jami'a na mallaki jita mai lantarki. Ɗan wan Baba ne ya bar mini ita da zai koma Garwa, ja ce, fentinta ya kwaile ta gefe. Irin wannan jita in ba a haɗa ta da amfili ba, akwatin nan da ke ƙara sauti, ƙararta ba ta wuce kukan sauro, kuma hakan ya yi mini daidai. Nakan rufe ɗakina a gidanmu na unguwar New Bell a Duwala in yi ta kaɗawa, musamman in ruwan sama yana dukan kwano. Baba yana ɗauka karatu nake yi. Yawanci karatun ne ma.

Wata rana na je unguwar Bépanda neman tsofaffin littattafai, sai na ga amfili a wani shagon kayan gwanjo. Baƙi ne, bai fi katan ɗin sabulu ba, ƙyallen gabansa ya yage, maɓallansa sun fara tsatsa. Mai shagon ya ce amfilin ya girme ni. Ya ce taransista ne a cikinsa kamar ƙaramar rediyo, makaɗa kuwa irin na da mai kwalaben fitila a ciki suke so, shi ya sa yake da araha. Ya jona mini wata jita ya ce in taɓa. Na taɓa tsirkiya ɗaya, sautin ya cika shagon har wata mai sayar da soyayyar ayaba ta waiwayo. Ban taɓa jin kaina da ƙarfi haka ba. Na ajiye jitar na ce zan yi shawara.

Kuɗin ba su ne damuwata ba. In na sayi amfilin, gidanmu zai ji ni. Baba ɗan kasuwar yadi ne, ba ya rasa sahun farko a masallaci. Bai taɓa hana ni kiɗa ba, amma ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Sai na riƙa komawa shagon. In leƙa bayan akwatin, in shinshina ko akwai warin ƙuna, in murɗa kowane maɓalli ina saurare. Akwai ɗaya da ke sa sauti rawa, ya maƙale ba ya kashuwa, na ce wannan aibi ne, na sake tafiya shawara. Mai shagon har ya daina tashi in ya gan ni.

A can Kawu ya same ni, ƙanin Mama da ke tuƙa bensikin, wato babur na haya.

"Ɗan boko, me ya kawo ka nan?"

"Amfili nake dubawa, Kawu."

A unguwarmu in aka ce amfili, abu ɗaya ake nufi, na masallaci. Namu kuwa ya ƙone a makon, da aka dawo da wuta da ƙarfi, Malam Ladan yana ta kiran salla da maƙogwaronsa, janareto da hon na motoci suna danne shi. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Shiru-shiru ashe kana tunanin jama'a." Kafin in haɗa amsa ya samu fasinja ya wuce.

Labarin ya riga ni isa gida. Mama ta ƙara mini nama a miya. Bayan magariba Malam Ladan ya riƙe hannuna ya yi ta addu'a, ni kuma ina cewa amin ina kallon takalmana. Baba cewa kawai ya yi, "Gobe a kawo mu gani."

Washegari mai shagon ya yarda in ɗauka a gwada. Kawu ya goya ni, akwatin a cinyata, muna faɗawa ramukan titi ina rungume da shi. Bayan la'asar aka ajiye shi a kan benci a rumfar ƙofar masallaci, dattawa suka zagaye. Na jona makirfo. Malam Ladan ya gyara murya ya ce, "Gwaji, gwaji. Jama'a ana ji?"

An ji. Muryar ta fito tana karkarwa kamar ta wanda ke magana a bayan bensikin a kan hanyar da ruwa ya cinye. Malam Ladan ya tsaya ya dubi makirfon. Ya sake cewa gwaji, ta sake karkarwa. Mai tsire na tsallaken titi ya ɗaga murya, "Malam, zazzaɓi ne? A kawo bargo?" Dattawa suka fashe da dariya, shi ma Malam Ladan har da share hawaye da gefen rawani.

Baba ya sa tabarau ya sunkuya ya duba maɓallan. "Wannan ai na makaɗa ne," in ji shi. "Mai shagon ya so ya cuce ka. A mayar masa."

Ga hanyar fita ta samu. In na yi shiru, sai a mayar da akwatin, a yaba mini da niyya, in koma ɗaki da sautin sauro. Na dubi ƙyallen nan da ya yage, na ji ba na so ya koma Bépanda.

"Bai cuce ni ba, Baba. Na jita ne. Don kaina nake so. Ina da jita a ɗaki."

Kawu ya kama baki. "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kin... a'a, ka tafi da fasinja," na ce, harshena yana harɗewa, aka sake yin wata dariyar.

Baba ya cire tabarau ya ninke a hankali. "Ka ɗauka kullum ruwa ake yi a Duwala? Ranar da babu ruwa ina jin ka. Na ce wa uwarka sauron gidan nan ya koyi kiɗan makosa." Ya sa tabarau a aljihu. "In kana so ka saya. Amma ban da lokacin salla, kuma kada maƙwabta su kawo mini ƙara."

Malam Ladan ya ce addu'ar da ya yi mini jiya ba zai karɓe ta ba, in riƙe. A nan take dattawa suka yanke a kai amfilin masallaci gyara, Kawu ya ɗauki nauyin kai shi tunda shi ya haɗa rigimar.

Na saya a ranar. Da hantsin Lahadi na jona jitar, na sa maɓallin ƙara a can ƙasa, na bar ƙofa a buɗe. Mama tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na kaɗa abin da na iya, da kurakuraina, sautin yana ta karkarwarsa. Da na tsaya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗan ƙara kaɗan. Muryar Malam Ladan ɗin nan mai karkarwa nake son ji."