Tsohuwa Mai Tafiya da Baya

Kullum da sassafe ina ganinta a lambun unguwarmu a Chengdu. 'Yar tsohuwa ce mai jar hula, tana tafiya da baya, tana tafi, tana jero sunayen jikokinta. Ina jin likita ne ya ce mata motsa jiki na rage mantuwa.

Yau ga ɗanta da keken guragu sabo fil.

"Mama, hau mana! In kin faɗi fa?"

"Ranar da na wuni zaune, sunanka ma ɓace mini ya yi," in ji ta.

Ya danna ta ciki, ya tura, yana latsa waya. Ƙafafunta na ta takawa a iska. Ta fara jero sunayen jikokin, ta kai na uku, ta kakare.

Sakarai! Wai shi nan gata ya yi mata.