Bokitin da Filgona Ta Ƙwace

Duk wanda ya ce miki Sista Filgona Aluoch mutuniyar kirki ce, ki tambaye shi ko ya taɓa zama da ita na awa ɗaya ba tare da wata tana naƙuda a gabanta ba. Ni shekara talatin da biyu na san ta, kuma ban taɓa ganin haƙoranta da sunan murmushi ba, sai dai in tana taunar soyayyar gyaɗa, wadda ba ta rabuwa da ita a aljihun riga, ba ta kuma miƙa wa kowa.

'Yar garin Asembo ce, 'yar masunci. Ubanta ya nutse a tafki tana aji huɗu, matan coci suka ɗauki nauyin karatunta. Ta dawo da farar hula da agogo maƙale a ƙirji, ta manta da ƙarnin kifi aka raine ta. Ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa, bawan Allah ya daure shekara shida, sannan ya nemi a mayar da shi Nakuru, bai ƙara waiwayowa ba. Ni dai ban ga laifinsa ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma rabin yaran da ke yawo a bakin tafkin nan ta hannunta suka iso duniya, kuma kowace uwa tana da labarin tsawar da ta sha.

Nawa labarin ya wuce tsawa. Ranar da na haifi Ogutu, ɗana tilo, ita ce a bakin aiki a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu a Seme, tana ɗanyar ma'aikaciya, kan nan kamar zai fashe don girman kai. Uwar mijina ta zo da ƙwarya rufe da ganyen ayaba don ta karɓi mabiyiya, a kai gida a binne a dama da ƙofa, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa namiji. Filgona ta dube ta sama da ƙasa.

"Iya, nan asibiti ne, ba bayan ɗakinki ba," in ji ta.

Ta ɗauki abin a tasa, ta wuce ta gaban tsohuwar, ta juye a ramin asibiti inda ake zuba na kowa da kowa.

Ogutu bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Yana shekara goma sha biyar ya bi babbar mota. Yau Mombasa, gobe Malaba, jibi a ce an gan shi a Juba. Ya gina ɗaki a gidan ubansa, amma bai taɓa kwana bakwai a jere a ciki ba. Bara, da ruwan Afrilu, motarsa ta kife a hanyar Eldoret, aka kawo mini shi a akwati. Fasto ya ce haka Allah ya so. Na ce amin, amma a raina na san yaron da aka zubar da mabiyiyarsa a ramin baƙi ba zai san hanyar gida ba. Tun ranar da aka haife shi ban ƙara yi wa Filgona magana ba, ko a coci, ko a wurin makoki.

Ya bar matarsa Linet da cikin wata biyar. Malamar firamare ce a Kisumu, yarinya mai ladabi, sai dai duk abin da ta gani a waya ya zama gaskiya. Da aka yi hoton ciki aka ce namiji ne, na ɗauki fartanya da kaina na haƙa rami a dama da ƙofar ɗakin Ogutu, na rufe da tsohon kwano. Na sayi sabon bokiti mai murfi. Na rantse wa kaina wannan yaron zai san gidansa, ko da zan yi dambe da asibiti guda.

Sai Linet ta ce mini wai a ruwa za ta haihu.

"A ruwa? Ke kifi ce?"

"Mama, ya fi sauƙi. Ruwan ɗumi yana sassauta ciwo. Na riga na yi magana da Sista Filgona."

Ashe da matar nan ta yi ritaya sai ta gyara gidanta a hanyar Dunga, ta sa wani ƙaton baho mai ruwan shuɗi a ɗakin baya, 'yan boko suna tururuwa. Na yi faɗa, na yi roƙo, na kira sunan mamaci. Linet ta ce, "Mama, jikina ne." Na ce to, amma ƙafata ƙafarki.

Naƙuda ta tashi wata Talata da hantsi. Na shiga gidan da bokitina a hannu. Filgona ta tsufa, ta bushe, amma idon nan yana nan. Ta dubi bokitin, ta dube ni.

"'Yar Seme, wanki kika zo yi?"

Na ƙara rungume bokitina.

"To ki zauna a kujerar can. Ki ajiye hannunki a cinya. In kin ji kina son taimakawa, ki yi addu'a, ita ce ba ta ɓata mini aiki."

Na zauna ina kallo, ina neman kuskurenta, ban samu ba. Tana durƙushe a gefen baho, kowane ɗan lokaci ta sa wata 'yar na'ura a cikin Linet ta saurari bugun zuciyar yaro, ta tsoma gwiwar hannu ta ji ɗumin ruwa, ta ƙara daga buta. Ba ta rarrashi. In Linet ta yi ihu sai ta ce, "Ki rage na makoki, babu wanda ya mutu. Ki tura ƙasa." Tsakanin ciwo da ciwo ta gaya mata doka.

"Ki ji ni tun yanzu. Yaro a ruwa, mabiyiya a gado. In ya fito kika rungume shi, na yanke cibiya, za ki tashi ki hau can. Kada ki ce mini kin gaji."

"Sista, a waya na ga wasu a ciki suke ƙarasawa."

"Su da wayar. Ruwa maƙaryaci ne, yarinya. Cokali ɗaya na jini zai rina shi, kofi biyar ma kusan launin ke nan. A kan farin zane nake sanin abin da kika zubar. Kuma mabiyiya ba a jan ta. Ita ke sakin kanta, in ta shirya zan gani."

Ni abin da na ji daban ne. Na ji za a kai abin gado, ta tare da tasarta, ta juya mini baya ta fice da shi kamar wancan karon.

Wajen ƙarfe biyu yaron ya fito. Filgona ta ɗago shi daga ruwa ta ɗora a ƙirjin uwarsa. Ya yi tari, ya tsala kuka, na ga goshin Ogutu sak. Na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Ta jira cibiya ta daina bugawa, ta ɗaure wuri biyu, ta yanke. Sai ta lura numfashin yaron yana ɗan gurnani, ta karɓe shi ta kai tebur a bakin taga, ta juya mana baya tana share masa hanci.

"Minti ɗaya, Linet. Kada ki motsa sai na zo na kama ki."

Linet ta jingina kai a bakin baho, ido rufe. Ragowar cibiyar tana lilo a cikin ruwa. Ni kuwa bokitina yana gefen ƙafata. A ƙauye na sha ganin tsofaffi suna naɗe cibiya a hannu su jawo mabiyiya, kuma matan sun tashi. Na matsa a hankali, na tsoma hannu, na naɗe a yatsu biyu. Na ja, ta ƙi. Na ƙara ƙarfi. Sai na ji wani abu ya yage, abin ya sulluɓo hannuna da nauyi, na jefa a bokiti na rufe.

Linet ta ce, "Wayyo," a hankali, ba ta ko buɗe ido ba. Ruwan ya fara duhu daga ƙasa.

Filgona ta waiwayo. Ta dubi ruwa, ta dubi hannuna da ke ɗiga, ta dubi bokiti. Ba ta zage ni ba, kuma da zagin ta yi da ya fi mini. Ta naɗe yaron ta ajiye a gadon jarirai, ta sa hannu biyu a hammatar Linet ta ciro ta daga bahon nan kamar buhun masara, tsohuwa mai shekara sittin da wani abu. Ta shimfiɗe ta, ta soka mata allura a cinya, ta shiga murza mata mara da ƙarfi. Farin zanen ya jiƙe, ta canza, ya sake jiƙewa. Ta ɗaura mata ledar ƙarin ruwa, ta kira motar asibiti a waya da kalmomi huɗu. Sannan ta miƙo mini hannu ba tare da ta kalle ni ba.

"Bokitin."

"Na jikana ne."

"Na ce bokitin."

Ta fizge, ta juye a tire, ta kai haske. Ta baje abin tana juyawa kamar mai duba kifi a kasuwa, tana haɗa gefe da gefe. Har ni na ga gurbin, wuri kamar faɗin akwatin ashana, babu tsoka a wurin.

"Ragowar tana ciki. Muddin tana ciki jini ba zai tsaya ba."

Ta mayar cikin bokitin ta rufe. Da mota ta iso aka ɗauki Linet, leɓenta ya yi fari, aka ɗauki yaro. Filgona ta ɗauki bokiti, ni kuma na riƙe marikin.

"Filgona, kin zubar da na ɗana. Ba za ki zubar da wannan ba."

"Likita zai ga abin da ya fito, ya san abin da zai nema. Saki."

"Sai dai ki kashe ni."

"Ba ni da lokaci. Ke kin kusa gama naki kisan."

Ta buge mini wuyan hannu da gefen tafinta, ta shige mota. Ta leƙo ta taga ta ce in na bi su asibiti za ta sa masu gadi su fitar da ni. Aka bar ni a tsakar gidanta, hannuna yana zugi.

Na hau matatu, motar hayarmu, na koma Seme. Kwana uku ramin nan yana buɗe, kaji suna leƙawa. An aiko mini cewa an yi wa Linet aiki, an ƙara mata jini leda biyu, za ta tashi. Na gode wa Allah, sannan na koma tsine wa Filgona, don na san yadda asibitin gari yake: abin da ya shiga ɗakin tiyata wuta ce ƙarshensa. Na ce shi ke nan, matar nan ta cinye mini uba, ta cinye ɗa.

Ranar Juma'a da rana tsaka ina shanya ƙananan kifi sai ga babur ya tsaya a bakin shinge. Filgona ce, da takalmin robarta, rungume da kula irin ta masu sayar da kifi. Ba ta yi sallama ba. Ta dire a gabana ta buɗe. Bokitina ne a cikin ƙanƙara, da wata 'yar kwalba a gefe.

"Wannan babbar. Wannan ta kwalba ita ce guntun da kika bari a cikin 'yar mutane. A ƙofar tiyata na tsaya har aka miƙo mini. Ki haɗa ki binne, kada ki ce na rage miki."

Na dubi kwalbar. Na ce, "Na Ogutu fa?"

"An yi gini a kan ramin. Ba ni da inda zan samo miki." Ta ciro gyaɗa ta jefa a baki. "Kin ɗauka na manta? Ƙwarya da ganyen ayaba. Tsohuwar ta tsaya a rana har la'asar tana kallon ramin. Tun daga ranar ban ƙara zubar da na kowa ba sai na tambaya. Bokitai goma sha biyu ne a ɗakin ajiyata, masu murfi. Da kin buɗe bakin nan naki kin tambaya, da an ba ki a wanke."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Likita ya tambayi wa ya ja cibiya. Linet ma ta tambaya. Na ce ni ce. Yarinyar ba ta da miji, ba ta da uwa, ke kaɗai gare ta. Ki bar shi a haka."

Ban ba ta ko ruwa ba, ita ma ba ta nema ba. Na binne duka biyun a dama da ƙofa, na dasa ayaba a kai. Yanzu ta kai ƙuguna, yaron kuma ya fara rarrafe, in an kawo shi hutu wurin yake nufa yana cin ƙasa.

Linet ba ta yafe wa Filgona ba. Ta gaya wa malaman makarantarsu, su kuma suka gaya wa duniya, cewa hannun Sista Filgona ya tsufa, ta kusa kashe mai jego da gaggawa. Na ji an ce bahon nan ya fi wata huɗu a kife. A kasuwa mata suna zuwa gaban tirena suna maimaita labarin, suna cewa, "'Yar Seme, ashe ke kika san ta tun farko." Ina jin su, ina auna musu kifi da gwangwani, ina cewa uhm.

Ba na son matar nan, kuma ba na jin zan so ta kafin in mutu. Ranar Lahadi tana zama a benci na uku, ita kaɗai, da agogonta a ƙirji. Shekara talatin da biyu in mun haɗu a ƙofar coci ni ce nake kafa mata ido har ta wuce. Yanzu jira nake ta fita, sannan in bi ta ƙofar baya.